Garin da kowace mota ke da jela: Abin da ya kamata ka sani kan hitar inji kafin ka sayi mota a ƙasar ƙanƙara

Kwanakin baya na raka wani kawuna wajen dillalan motoci a nan Kano, yana neman 'yar Kwatano mai sauƙin kuɗi. Muna cikin zagayawa sai idona ya faɗa kan wata Corolla. Ga wata baƙar waya ta leƙo ta gaban motar, dab da lamba, da kan filogi mai ƙafa uku kamar na dutsen guga. Na tambayi yaron dillalin, ya ce ai cajin batir ake yi da ita. Wani da ke gefe ya ce ina, motar rabi mai ce rabi lantarki. Kawu dai cewa ya yi in an daidaita a yanke masa ita, kada ta maƙale wani abu a hanya.

Na ɗauki hotonta na tura wa wani yayana da ke karatu a Winnipeg ta ƙasar Kanada. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga saƙon murya, yana dariya. Ya ce, "Ƙanina, wannan wayar da kake gani, rashinta ne ya kusa raba ni da aikina na farko a garin nan."

Idan kana cikin masu bin shafukan neman gurbin karatu a Kanada ko Finland, ko kina da miji ko ɗan'uwa da ke shirin tafiya, to tsaya ka karanta. Masu bidiyon TikTok suna nuna maka dusar ƙanƙara da rigar sanyi mai kyau. Ba kasafai suke nuna maka ƙarfe biyar na asuba ba, lokacin da mutum ke murɗa makulli mota ta ƙi kulawa.

Yadda abin ya faru da yayana

A shekararsa ta farko ya tara ɗan abin da ya samu ya sayi tsohuwar mota, wadda aka kawo daga yankin Toronto. Ta yi araha, injinta lafiya lau, duk kaka ba ta taɓa ba shi matsala ba. Yana aikin safe a wani ɗakin ajiyar kaya kafin ya wuce aji. Da Janairu ta kama, wata asuba ya fito, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Ya murɗa makulli, injin ya yi wani nishi sau biyu ya yi shiru. Ya makara. Bayan kwana biyu aka maimaita. Mai kula da su ya rage masa ranakun aiki, ga kuɗin haya na jira, ga kuɗin janwe, ga na sabon batir.

Wani dattijo maƙwabcinsa ne ya gan shi yana fama, ya tambaye shi ko ya jona motar da daddare. Yayana ya ce jona me? Sai dattijon ya nuna masa layin motocin da ke harabar gidan. Kowace da waya ta fito daga hancinta zuwa wani soket a jikin turke. Wata uku yana wucewa ta gabansu, bai taɓa tambaya ba. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura. A Winnipeg maganar nan har motoci ta shafa.

Me sanyi ke yi wa mota?

Mu a nan, in muku-mukun hunturu ya tsananta a Kano, da asuba ma'auni kan nuna digiri 10 zuwa 15 sama da sifili. A hakan ma ka ga ɗan acaɓa yana ta dukan kiki kafin babur ya tashi, manja kuma ya daskare a kwalba. To ka ƙiyasta garin da digiri 20 ƙasa da sifili abu ne na yau da kullum cikin daren Janairu, wasu ranakun ya haura 30. A wani wuri da ake kira Snag a yankin Yukon na Kanada, an taɓa auna digiri 63 ƙasa da sifili a watan Fabrairun 1947.

Abu uku ke haɗuwa su kayar da mota a irin wannan yanayi. Na farko baƙin mai. Yadda manja ke yin kauri, haka shi ma yake yi, sai ya ƙi zagayawa da wuri, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe a daƙiƙun farko. Na biyu batir. Sanyi na rage masa ƙarfi a daidai lokacin da injin ya fi nauyin juyawa. Shi ya sa za ka ga an rubuta CCA da wata lamba a jikin batir: ƙarfin da zai iya bayarwa ne na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Na uku man da motar ke sha. Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin inji mai sanyi, dizal kuwa har kauri yake yi ya toshe matata, shi ya sa gidajen mai a can ke sauya shi da na hunturu.

Hitar inji, wadda a can suke kira bulok hita, ƙaramin ƙarfe ne mai zafi irin na cikin butar lantarki. Ana dasa shi a jikin injin, ya ɗumama ruwan da ke zagaye cikinsa, ɗumin ya ratsa ƙarfen har ya taɓa man. Ba ta sa injin ya yi zafi kamar wanda ya yi tafiya. Tana dai ɗaga shi daga daskarewa zuwa inda zai tashi ba gardama, ya sha mai kaɗan, hayaƙi ya ragu, kai ma iskar ɗumi ta iso ka da wuri.

Dabarar ta daɗe. Wani injiniya mai suna Andrew Freeman a jihar North Dakota ta Amurka ne ya ƙirƙiro irinta ta farko da ta yaɗu, ya kuma samu takardar mallakar fasahar a 1949. Kafin nan mutane garwashi suke turawa ƙarƙashin mota, ko su zuba wa injin ruwan zafi, wasu ma su juye man su kwana da shi a ɗaki.

Shin kowa ne ke buƙatarta?

A'a. Ya danganta da garin da ka sauka. Wanda ke Landan ko Vancouver zai iya shekara da shekaru bai ga amfaninta ba. A Toronto ma da yawa ba su da ita, abin da ya ci yayana ke nan. Amma idan takardarka ta nuna Winnipeg, Regina, Saskatoon ko Edmonton, ko Alaska, ko arewacin Sweden da Norway da Finland, to sa ta cikin lissafinka tare da rigar sanyi da tayoyin hunturu.

Shawarar da aka fi bayarwa a Kanada ita ce a jona mota idan sanyi ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifili. A birnin Anchorage na Alaska kuwa hukumomi na kiran mutane su jona tun daga wajen digiri 7 ƙasa da sifili, saboda rage gurɓatar iska. Kuma ka lura, wayarka kan nuna lamba biyu, ta ainihin sanyin da ta yadda jiki ke jin sa idan ana iska. Ta farkon ce ta shafi motarka. Iska na sa inji ya huce da sauri, amma ba ta kai shi ƙasa da sanyin garin.

Kafin ka saya, duba ko akwai

Wannan ne matakin da ya fi kowanne sauƙi. Motoci da yawa da aka sayar a yankunan sanyi suna zuwa da hitar tun daga kamfani, sai dai wayar na naɗe a cikin bonet, an ɗaure ta kusa da batir ko bayan fitila. Buɗe ka leƙa, ko ka duba littafin motar. In motar hannu za ka saya, tambayi mai ita kai tsaye: akwai hita, kuma tana aiki? Matambayi ba ya ɓata.

Gwajin ba wuya. Jona ta lokacin da injin ke da sanyi, ka kasa kunne. Sau da yawa za ka ji 'yar ƙara kamar ta buta ta fara ɗaukar zafi. Mai mita kuma zai iya aunawa a ƙafafun filogin: hita mai wat 400 da aka yi wa wutar bolt 120 za ta nuna kusan om 36. In mitar ba ta nuna komai ba, ko wayar ta tsinke ko hitar ta ƙone, kuma yawanci wayar ce. Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne wasu motocin, kamar na kamfanin GM, wayarsu na da na'urar da ba ta barin wuta ta wuce sai sanyi ya kai wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Kada ka gwada da rana mai ɗumi ka ce ta mutu.

Ire-irenta da wadda ta dace da kai

Idan babu, sai zaɓi. Wadda ta fi inganci ita ce mai shiga cikin ruwan injin. A jikin bulok akwai wasu ƙofofi da aka toshe da marfin ƙarfe tun daga masana'anta. Ana cire ɗaya a sa hitar a gurbinsa, ko a kwance wani noti a ɗaura ta, kamar yadda ake yi a motocin Honda da yawa. Tunda tana cikin ruwan tsundum, zafinta ba ya ɓacewa a banza.

Akwai mai kama da harsashi, wadda ake zurawa cikin wani rami da aka tanada a jikin injin ba tare da ta taɓa ruwa ba. Motocin Toyota da yawa irinta suke ɗauka, kuma ta fi sauƙin sawa domin ba sai an juye ruwan lagireto ba.

Akwai wadda ake yanka tiyon lagireto na ƙasa a dasa ta a tsakiya. Ana komawa gare ta ne idan injin ba shi da gurbin waɗancan biyun. Sai kuma faifan roba mai zafi da ake mannawa a ƙasan kaskon baƙin mai. Shi man yake ɗumamawa kai tsaye, don haka a wurare masu tsananin sanyi ake haɗa shi da ta cikin ruwa, a ƙara da bargon lantarki da ake naɗe batir da shi.

Za ka ga masu arha a kanti, irin mai maganaɗisu da ake liƙawa a cire, da mai shiga ramin sandar auna mai. Araha ba ta ado, malam. Mai maganaɗisu ba ta kama kaskon alminiyom, wanda shi ne a motocin zamani da yawa, kuma zafin duka biyun kaɗan ne. Na fita kunya ne kawai.

Duk waɗannan sai da soket. Idan a bakin titi kake ajiye mota, ba wuta kusa, akwai hitar da ke ƙona man motar da kanta, irin ta kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus. Tana ɗumama inji da cikin mota, ana kunna ta da rimot ko da waya, amma kuɗinta ya ninka na sauran sau da yawa, tana kuma jan batir. Ga ɗalibi mai lissafin kuɗin haya, ya fi sauƙi tun wajen neman ɗaki ka tambayi mai gida ko wurin ajiye motar na da soket, kuma wa ke biyan wutar.

Wajen saye, abu biyu za ka riƙe. Na ɗaya, hita ba riga ba ce da za a ce kowa ya sa ta yi masa. Ka ba mai kanti sunan motar, shekararta da girman injinta, ya duba wadda aka yi dominta. Ƙananan motoci galibi wat 400 zuwa 600 suke ɗauka, manyan masu dizal su kai 1,000 ko fiye. Na biyu, wutar ƙasar. Kanada da Amurka bolt 120 suke amfani da shi, Turai 230. A ƙasashen arewacin Turai za ka fi cin karo da kayan DEFA na Norway da Calix na Sweden, waɗanda ake dasa musu ɗan soket a jikin bamba, har a haɗa da hitar cikin mota da cajar batir a layi ɗaya. A Finland turakun wuraren ajiye motoci da yawa suna da agogonsu, kai dai ka saita lokacin fitarka.

Sawa: da kanka ko wajen bakanike?

Na san halinmu, mutum ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya ce ya zama injiniya. Mai kama da harsashi da faifan mannawa, mai ɗan sanin mota zai iya. A goge wurin tas, ba mai ba tsatsa, a manna faifan a shimfiɗaɗɗen wuri, kuma ba a sa shi a kaskon roba. Ta harsashin a shafa mata man da ya zo da ita in akwai, a tura har maƙallinta ya kama.

Amma mai shiga cikin ruwa, gaskiya kai wa masu abin. Sai injin ya huce, a juye ruwan, a fitar da marfin ba tare da ya faɗa ciki ba, a goge bakin ramin, a sa hitar ta fuskanci inda takardarta ta ce don kada ta taɓa bangon injin, a ɗaure daidai ƙima, a mayar da ruwan, a fitar da iskar da ta maƙale. Kuskure ɗaya a nan, ko ruwa ya riƙa ɗiga har injin ya ƙone, ko hitar ta ƙone nan take domin an jona ta babu ruwa a kanta. Sau da yawa kuɗin aikin ya fi na hitar, amma duka biyun ba su kama ƙafar kuɗin sabon inji ba. Kuma ka yi tun watan Satumba ko Oktoba. Ranar da sanyi ya fara dukan gari, layin gareji sai ka tausaya wa kanka.

Ko wa ya sa, ka duba hanyar da wayar ta bi. Kada ta kusanci bututun hayaƙi, ko fanka, ko bel. A ɗaure ta gam, a bar kan filogin ya leƙo kaɗan ta gaba, da murfinsa saboda gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙarfe.

Awa nawa za ta yi a jone?

Ba sai ta kwana ba. Awa biyu zuwa huɗu kafin fita sun isa, bayan haka ƙarin ɗumin kaɗan ne, mita ce kawai ke gudu. Yi lissafin da kanka: hita mai wat 400 a awa huɗu ta ci yunit 1.6, in ta yi awa 12 ta ci 4.8. Ka ninka da kwanakin hunturun da ke kai wata huɗu ko biyar. Maganin shi ne ɗan agogon soket na waje, ka saita shi ya kunna ƙarfe uku in shida za ka fita.

Wayar da za ka ja daga bango kuma, kada ka ɗauko irin farar nan ta cajin waya a ɗaki. Nemi ta waje, mai kauri, mai ƙafa uku, wadda aka rubuta tana jure sanyi, kuma gajeriya gwargwadon iko. Duk hunturu sai an samu motocin da suka kama wuta a Kanada saboda tsagaggiyar waya ko filogin da ya yi tsatsa, har kamfanonin inshora na ta jan kunne a kai. Duba taka a farkon kowace kaka. In ta tsage, canza ta, kada ka naɗe da salatif irin yadda muke yi a gida.

Sai kuskuren da kusan kowa ya taɓa yi: ja da baya da mota a jone. Yayana ya ce ya taɓa jan wayarsa har bakin babban titi tana bin sa. Dabarar da dattijon nan ya koya masa ita ce ya riƙa rataya wayar a madubin gefen direba, yadda ba zai buɗe ƙofa ba sai ya gan ta.

Halayen gida da za ka bari a filin jirgi

Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin abubuwa ne da muka taso muna gani. A nan, lagireto ya yi ƙasa, sai a samo ruwan leda a ɗura. A can wannan kashe inji ne. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ƙarfinsa ya isa ya tsaga bulok. Ruwan lagireto na kanti da aka haɗa rabi da rabi yana jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, a wurare masu tsanani ma ana ƙara masa ƙarfi.

A nan bakanike kan cire tamostat ya ce ba ta da amfani a ƙasar zafi. A can in babu ita injin ba zai yi ɗumi ba, kai ma haka za ka daskare a ciki. A nan mun saba da mai mai kauri irin 20W-50. A can littafin motar zai ce maka 5W-30 ko 0W-20, kuma ƙanƙantar lambar farko ita ke nuna yadda man ke gudu cikin sanyi.

Na ƙarshe shi ne mafi haɗari. Kada ka ce tunda ba ka da hita bari ka tayar da mota ka bar ta tana aiki a cikin rufaffen gareji, ko ka zauna ciki alhali dusar ƙanƙara ta toshe salansa. Iskar nan mai guba da ba ta da wari, wadda muke jin labarin ta hallaka iyali guda saboda an kwana da janareta a cikin gida, ita ce dai ke fita daga salansar mota.

Mu koma kan Corollar kawu

Ya saye ta, kuma na hana a yanke jelar. Mun naɗe ta mun ɗaure a cikin bonet, ba ta hana komai. In kai ma ka ga irinta a motarka, ka samu shaidar cewa daga ƙasar sanyi ta fito, don haka sa a ɗaga ta a duba ƙasanta da kyau, saboda gishirin titunan can na haddasa tsatsa. Kuma don Allah kada karambani ya sa ka jona ta a soket ɗin gida don ka ga abin da zai faru. An yi ta ne don bolt 120, tamu wutar 230 ce. Zafin da za ta yi ya kusa ninki huɗu, ko ta ƙone ko ta jawo gobara.

Yayana yanzu yana hunturunsa na uku. Ya ce duk sabon ɗalibin da ya sauka daga gida, kafin ya nuna masa inda ake sayar da garin tuwo da naman halal, sai ya fara kai shi harabar gidan ya nuna masa turken nan da soket. In kana da wani a can da ya sayi mota bana, tura masa wannan rubutu, ka ce ya buɗe bonet yau ya duba.